Man da Na Zuba wa Jar Motar Surukina

Surukina, mahaifin matata, Allah ya jiƙansa, yana da wata jar mota wadda duk wanda ya zauna Gaya a shekarun nan ya san ta. Kujera biyu gare ta tak, ba ta da rufi sai wani tanti da ake ninkewa a baya, kuma ta yi ƙasa-ƙasa har in mutum ya shiga sai ka ce a tabarma yake zaune. Irin motocin tseren nan ne da Turawa suka yi yayi tun kafin a haife ni. Wani Bature da ya zo aikin gonakin shinkafa ne ya bar masa ita da zai koma gida, saboda shekarun da Baba ya yi yana gyara masa ita. Ba ta ɗaukar buhu, ba ta ɗaukar iyali, ba ta da wani amfani da ɗan kasuwa zai gane. Kowace Juma'a bayan la'asar yakan fito da ita, ya bi gudron, wato kwalta, a hankali ta gefen kamiyoyi, manyan motocin kayan da ke jiran binciken kwastan a duwan, ya je kusa da gadar kan iyaka ya juyo, ya mayar da ita rumfarta ya goge.

Baba makanike ne da ya ajiye aiki, amma kunnensa bai ajiye ba. Kullum da hantsi yana zaune gindin bishiyar bedi kusa da garajin da ya bar wa waɗanda ya koya wa sana'a. In inji ya gagari masu gyara sai a turo motar gabansa. Ba ya taɓa ko ƙarfe ɗaya. Zai ce a tayar, ya karkata kai, ya lumshe ido, can ya ce a kashe, ya faɗi inda ciwon yake, a kwance a tarar haka ne. Direbobin kamiyo har daga Malanbil, tsallaken iyaka, suke tako gada su zo ɗaukarsa. Ba shi da dukiya, ba shi da sarauta. Wannan kunne shi ne girmansa a gari, kuma ni na yi sanadin zubar da shi.

Ni direba ne. A lokacin aikina shi ne ɗauko motoci daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano in kawo su Gaya. Motocin zamani nake tuƙawa, masu sanyi a ciki, masu fitilu birjik a gaban direba, kuma hakan ya fasa mini kai ba kaɗan ba. Ina da baki, na sani, mahaifiyata ta sha gaya mini. Shekarata biyu da aure a lokacin, kuma tsakanina da Baba akwai kunyar da ke tsakanin kowane mutum da surukinsa. Tun daga nesa nake cire takalmi, in durƙusa in gaishe shi ido a ƙasa. Bai taɓa kiran sunana ba, Malam yake ce mini. In yana da magana da ni ba ya duba na, sai ya juya ya gaya wa abokinsa, wani tsohon tela da ba sa rabuwa, ni kuma in tsinci tawa a ciki.

Duk dawowa daga Kwatano ina kawo masa tsaraba. Sukari, yadi, turare, ya ce madalla ya miƙa cikin gida. Wannan madallar ce ta fara isata. Gaskiyar magana so nake mutumin da duk gari ke girmamawa a kan inji ya san cewa mijin ɗiyarsa ma ba baya ba ne. Na sha ganin man da yake zuba wa jar motar: wani mai kauri, in ya karkata bidon, wato galan ɗin man, sai ya sauko a hankali kamar zuma. Har canza shi yake yi da lokaci, in sanyi ya shigo ya sa mai ɗan dama-dama, in bazara ta kama ya sa wanda ya fi kauri. A raina nakan ce tsohon yayi. Da na ga wani mai a kanti a Kwatano, irin wanda ake zuba wa sababbin motoci, tsarwaƙe mara kauri, garau, cikin bidon mai sheƙi, sai na ce yau na samu tsarabar da ba za a miƙa cikin gida ba.

Abin ya zo daidai da auren ƙanena a Tanda, garinmu. Na riga na cika baki wurin dangi cewa surukina zai zo ɗaurin aure cikin jar motarsa. Na aiki matata ta roƙe shi, ya amsa, ko da yake tsakiyar bazara ce, kuma kowa ya san ba ya fitar da motar nan da rana a irin wannan lokaci.

Ana gobe ɗaurin aure na je gidan bayan la'asar. Yana ƙofar gida da tela da maƙwabta uku ko huɗu. Da na zaɓi lokacin da yake shi kaɗai da duk abin nan bai faru ba, amma mutane nake so su gani. Na gaisa, na ajiye bidon gabansa. Ya buɗe, ya tsoma yatsa, ya murza man tsakanin babban yatsa da manuniya, ya ɗaga ya duba shi a haske. Ya daɗe yana murzawa. Sannan ya juya wajen tela.

"Mai kyau na, wallahi," ya ce. "Amma tsohuwag ga tuwo tas saba da shi. Ban sani ba ko cikinta na iya riƙe kunu."

Aka yi dariya. Duk ɗan da aka yi wa tarbiyya ya san me aka ce masa a nan. Iyakar abin da suruki zai iya faɗa ke nan a gaban mutane, kuma ya faɗa. Ni kuwa sai na juya wajen tela ni ma, kamar wani sa'ansa.

"Baba tela, ai zamani ya sake. Wanga mai shi ake zuba ma motocin yanzu. Ba shi ƙonewa, ba shi barin dauɗa. Inji na shan shi sai ka ji ya yi sanyi kamar randa."

Tela ya ce, "To, kai kas san Kwatano, mu gada ce iyakarmu."

Ban tsaya nan ba. Na tuɓe rigata na rataye, na shimfiɗa buhu, na shige ƙarƙashin motar na yi mata bidanji da hannuna, na tsiyaye tsohon man tas cikin kwano. Wani maƙwabci ya ce yana so ya shafa wa azarar ɗakinsa saboda gara, na ce ya ɗauka, kamar nawa ne. Na ɗura sabon man, na tayar da motar, na ce kowa ya saurara. Maƙwabta suka yi ta yaba mini, wai irin wannan suruki sai an tona. Baba yana zaune bai motsa ba. Na lura ya ɗan karkata kai yadda yake yi a gindin bedi, amma bai lumshe ido ba. Da na kashe injin ya ce, "Allah shi yi albarka, Malam." Na tafi gida ƙafata ba ta taɓa ƙasa.

Daga baya na sha tambayar kaina me ya hana shi zubar da man bayan tafiyata. Na san amsar tun kafin in gama tambayar. Tsarabar suruki ba a mayar da ita, balle wadda aka ba da a gaban jama'a. Ba shi da wani mai a ajiye, kuma da ya taka zuwa tasha ya sayo nasa mai kauri, masu sayar da mai duk sun san shi, kafin sallar magariba labari ya kai kowace rumfa cewa Baba ya zubar da abin da mijin ɗiyarsa ya kawo. Ina jin lissafinsa shi ne a tafi da sanyin safiya, a dawo da sanyin yamma, motar ta jure kwana ɗaya, bayan mako biyu ya canza man ba wanda ya sani.

Da safe muka kama hanya. Yayan matata, wanda ni ma Yaya nake ce masa, ya zauna kusa da Baba, ni ina biye da su a babur. Zuwa lafiya lau. Ina jin ƙarar motar a gabana ina murmushi ni kaɗai. A Tanda bayan an shafa fatiha jama'a suka yi wa motar zobe, yara da manya, har da tsofaffin mata suna leƙe ta kan danga. Abokan ango suka zo suka same ni, wai a taimaka a zaga da ango cikin gari. Ya kamata in ce a'a. Na je na raɗa wa Yaya, Yaya ya gaya wa Baba, Baba ya dubi rana, ya buɗe ƙofa ya ce ango ya shigo.

Lungunan Tanda yashi ne. Haka ya yi ta jan motar a giyar farko, ana tafe ana tsayawa ƙofar kowane kawu da kowace gwaggo, inji yana aiki a tsaye, mata suna guɗa. Ba a gama ba sai da rana ta kusa tsaka.

Bayan an ci abinci na zaga bayan gidan kawuna inda aka ajiye motar a inuwa, sai na hango Baba shi kaɗai ya buɗe gabanta. Da butar alwala a hannunsa. Na ga ya buɗe radiyato da tsumma, ya tsiyaya ruwa har ya cika, ya rufe ya ƙara matsewa. Sannan ya zaro sandar auna mai, ya daɗe yana kallonta, ya murza abin da ke jikinta a yatsa. Ya ɗago ya gan ni. Ban ƙarasa ba, na sunkuyar da kai na juya kamar na yi ɓatan hanya. Na ji daga baya cewa ya ce wa Yaya a bari sai la'asar, Yaya ya ce yana da kaya a duwan, in bai isa da wuri ba sai wani mako. Baba bai ja maganar ba, don in ya ja sai ya faɗi dalili.

Muka fito da tsakar rana, irin ranar da ko awaki ba sa barin gindin katanga. Ba mu yi nisa ba na fara ganin hayaƙi mai shuɗi-shuɗi yana fita bayan motar, sannan na ga ɗigo baƙi-baƙi a kan jar hanya, ɗaya bayan ɗaya, ina bi ta kansu da babur. Na ce wa kaina tsohuwar mota ce, dama tana ɗiga. Sau biyu Baba yana tsayawa gindin giginya ya kashe inji, Yaya yana duba agogo yana tsaki. Ni kuwa sai in tsaya can nesa in yi kamar ina gyara wani abu a babur. Na uku bai samu wurin tsayawa ba. Mun hau wani wuri da hanya ta tsuke tsakanin gonaki, wata kamiyo ta matso bayanmu tana ta oda, ba inda za a rakuɓe. Sai na ji ƙara daga cikin injin, ƙwal, ƙwal, ƙwal, kamar ana dukan tukunyar ƙarfe, sai motar ta yi wata girgiza ta mutu. Da muka tura ta gefe aka buɗe gabanta, zafin da ya buso sai da muka ja baya.

Wani manomi mai amalanken shanu ne ya taimake mu. Aka ɗaura igiya, bijimai biyu suka ja jar motar, Baba yana ciki riƙe da sitiyari, hularsa a kai, yana kallon gaba. Haka muka shigo Gaya da la'asar, kuma hanyar gida ta gaban garajin take bi. Masu gyara suka fito, direbobi suka taso daga ƙarƙashin kamiyoyi, ƴan kabu-kabu suka tsaya. Wasu na jaje, wasu na danne dariya. Yaya ransa a ɓace, kayansa sun kwana, ya ɗaga murya a gaban kowa.

"Baba, don Allah mi yaf faru? Ga mai mai kyau anka zuba ma jiya-jiya."

Ina tsaye riƙe da babur, tsakanina da su bai fi taku biyar ba. Baba bai dubi inda nake ba.

"Ruwa nim mance ban zuba ba," ya ce. "Tsufa na."

Makanike ya manta da ruwa, wannan ko ɗan koyo ya yi sai an yi masa faɗa. Ni kaɗai a duniya na ga butar nan a hannunsa. Bakin nan nawa da ba ya gajiya da magana, ranar ya ƙi buɗuwa. Na ce wa kaina ba a katse suruki a gaban mutane, ba a ƙaryata babba. Haka ne, amma ba shi ne dalilina ba. Tsoro na ji. Na tuna yabon da aka yi mini jiya, na hango yadda za a juya shi, na yi gum.

Na ɗauka maganar za ta yi kwana biyu ta wuce. Ba ta wuce ba. Da farko tsokana ce, in ya zo gindin bedi sai wani ya ce, "Baba, an sha ruwa yau?" ya yi dariya tare da su. Sannu a hankali aka daina turo masa motoci. In ya saurari inji ya faɗi abu, sai masu gyara su dubi juna, su je su kwance wani wurin daban tukuna. Direbobin Malanbil suka daina zuwa. Wata rana ya ajiye tabarau ɗinsa bai tuna inda ya sa ba, abin da ni mai ƙuruciya nake yi kullum, amma a gidan aka ɗauke shi babbar magana. Yaya ya karɓe makullin babur ɗin da Baba ke hawa, wai kada ya manta birki a gaban kamiyo. Aka kai shi wurin likita, aka dawo da ƙwayoyi. Matata takan dawo daga gidansu ido ya yi ja, ta ce, "Baba ya fara rikicewa, Maigida. Mutumin da ba ya mance komi." Ni kuma in ce Allah ya ba shi lafiya, in ci tuwon da ta dafa.

Kafin shekara ya daina zuwa gindin bedi. Ba wanda ya hana shi, ya dai ga babu abin da yake zuwa yi.

Na nemi in wanke kaina ta hanyar da ba sai na yi magana ba. An kwance injin an tarar ƙarfen cikinsa da ke juyawa ya ci wuta ya ƙoje, ya yi shuɗi. Na ɗauke shi cikin buhu na tafi da shi Kwatano, duk zuwa sai na zaga wuraren ƴan tsofaffin ƙarafa ko zan samu irinsa. Ba a samu ba, motar ta girmi yawancin masu shagunan. A nan ne wani tsohon makanike ya juya ƙarfen a hannu ya tambaye ni wane mai aka zuba. Na ce wani abokina ne ya zuba na zamani. Ya yi tsaki ya ce abokin nan nawa jaki ne, sannan ya zaunar da ni ya yi mini karatun da ban nema ba. Ya ce tsohon inji tun daga ƙira akwai sarari tsakanin ƙarafansa, shekaru kuma sun ƙara buɗa shi. Mai kauri shi ke cika sararin ya hana ƙarfe taɓa ƙarfe. Mai tsarwaƙe in ya sha zafi sai ya koma ruwa-ruwa, ya zurare ta sararin, ƙarfin turinsa ya faɗi, ƙarafa su fara gugar juna, zafin da za su haifar kuwa ko kogi aka juye a radiyato ba zai kwashe shi ba. Ya ce irin man nan kuma yana wanke tsohuwar dauɗar da ta toshe ƙananan kafofi, sai inji ya fara yoyo ta ko'ina. Ya ƙara da cewa kauri ma in ya yi yawa a lokacin sanyi wahalar da inji yake yi, shi ya sa wanda ya san aiki yake bin yanayi. Duk abin da ya ɗauki rabin sa'a yana faɗa, Baba ya faɗe shi cikin numfashi ɗaya a ƙofar gida. Na ɗauki buhuna na yi godiya, na ce zan gaya wa abokin nawa.

Shekara biyu na yi a haka. Ina zuwa gaisuwa kamar kullum, ina cire takalmi, yana ce mini Malam. Motar tana rumfa an lulluɓe ta da buhuna, kaji suna kwana ƙarƙashinta. Tela ya rasu a tsakanin, saboda haka ko wanda zai gaya wa magana in tsinta babu. Na koma kawo sukari da yadi.

Na sayi wata tsohuwar mota tawa a lokacin, tana da wata ƴar girgiza da ta dame ni. Na kai ta garaji sau uku, an canza wannan an canza wancan, ba ta daina ba. Wata rana na kai matata gidansu na ajiye ta a ƙofa, ban ko kashe inji ba na wuce. Da ta dawo da yamma tana ninke kayan yara sai ta ce, cikin murya mai rauni, "Ka ji Baba yau kuma. Yana kwance cikin zaure, wai in ce maka bujinka na uku ba shi kamawa, kuma ba bujin ba na, wayar tasa ta tsage daga ciki. Mutumin da ko motar bai gani ba. Surutai dai yake ta yi yanzu." Na ce to. Na fita waje kamar zan sha iska, na buɗe gaban motar, na zaro wayar buji ta uku, wato fulogin da ke ba inji wuta, na lanƙwasa ta. Ta tsage daga ciki. Na zauna bakin dakali riƙe da wayar nan, kunya ta rufe ni har na ji ba na son kowa ya wuce ya gaishe ni.

Washegari bayan la'asar na je. Yana zaure kan tabarma shi kaɗai, ya rame, carbi a hannu. Na gaisa, amma ban tashi ba kamar yadda na saba. Na matso har gwiwata ta taɓa bakin tabarmarsa, abin da ban taɓa yi ba.

"Baba, magana gare ni."

"Ina jin ka, Malam."

"Ranar Tanda na gan ka da buta. Ka zuba ruwa, da idona nig gani. Man da nik kawo shi yak kashe motar. Na sani tun rannan, kuma nay yi shiru. Ka gahwarce ni."

Ya tsayar da jan carbi. Sannan ya dube ni ido cikin ido, karo na farko tun da na auri ɗiyarsa.

"Na san ka gani," ya ce. "Na yahe ma tun muna bisa hanya, shanu na ja."

"Baba, za ni garaji gobe in hwaɗi ma kowa. Za ni gaya ma Yaya, in gaya ma ɗiyarka."

"A'a."

"Baba, sun ɗauka hankalinka ya taɓu. Ga shi jiya daga cikin zaure ka ji abin da mutum uku sunka kasa ji."

"Na ce a'a. Ni niy yi maganar gaban jama'a, ba kai ba. Yanzu mantau suka ce min. In ka tahi ka hwaɗi, na zama maƙaryaci, da hurhurata. Ita ko ɗiyata, uba guda gare ta, miji guda gare ta. Ta riga ta yi kukan uban. In ta ji shekara biyu kana kallonta tana kuka ka yi shiru, da wane ido za ta dube ka? Da rannan kab buɗe baki, da ya yi amfani. Yanzu ba ni za ka taimaka ma ba, kanka za ka sauke ma kaya."

Gaskiya ya faɗa. Na zo ne in ji sanyi a raina, kuma ya gane haka kafin ni in gane. Na ce ko akwai abin da zan yi masa. Ya ce in canza wayoyin duka huɗu, kada in tsaya ga guda, tun da tare suka tsufa. Daga nan ya mayar da idonsa kan carbi, ya ce in gaida gida.

Na tako a ƙafa har gida, ban bi ta gaban garaji ba. Na tarar da matata a tsakar gida tana tsince shinkafa a faifai. Ta ɗago.

"Ka daɗe. Yaya kas same shi? Hankalin nasa na nan yau?"

Na tsaya ina cire takalmi, na ɗauki lokaci a kai fiye da yadda ya kamata.

"Da sauƙi," na ce.

"Allah shi ƙara sauƙi. Ni dai za ni ce ma Yaya a daina barinsa zuwa kasuwa shi kaɗai, kada wata rana ya ɓace hanya."

Na ce to, ta ci gaba da tsintar shinkafarta.